Ƙwararre Ya Karanta Lambar Jif

Ba wanda ya raɗa masa suna Ƙwararre. Shi ya raɗa wa kansa, unguwa kuma ta karɓa hannu bibbiyu don ta samu abin nishaɗi. Aikinsa na asali shi ne zama a ƙofar wurin ajiye motoci na babbar kasuwa: mota ta shiga ya rubuta lambarta, ta fita ya soke. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da tumbi da kuma yaƙinin cewa duk faɗin duniya babu wanda ya san lamba kamarsa.

"Ku lamba kuke gani," yakan ce idan ya baje a bencin ƙofar shagon Tela. "Ni magana nake ji. Kowace lamba da bakinta."

Tela, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ya cire allura daga baki ya ce, "To lambar takalminka me take cewa?"

"Cewa take yi a bar manya su yi magana."

Shirinsa babba ne. Zai buɗe ofishin fassara lambobin tsofaffin motoci. Duk mai tsohuwar mota zai zo, shi kuma ya duba ɗan allon ƙarfen da masana'anta ke liƙawa a jikinta, ya faɗa masa shekarar da aka ƙera ta, da garin da aka ƙera ta, da irin halinta. Har ya sa an rubuta masa allon talla mai ƙafa biyu, da sunansa da jan fenti. Mota kawai ya rasa.

Sai ga ta a gidan surukansa.

Marigayi surukinsa ya bar wata tsohuwar jif koriya, irin mai jan ƙafa huɗu da rufin tamfol, a ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gida. Tun rasuwarsa ba ta motsa ba, kaji suka mayar da ita gidan haya. Wata safiya Iya, matar marigayin, ta kira babban ɗanta, wanda kowa ke kira Mai Kyamis saboda shagon magungunansa, ta ce tana so a tayar da motar. Akwai lambun mangwaro a hayin rafi wanda mijinta ya dasa da hannunsa, kuma a jif ɗin nan yake kai ta. Ƙafafunta sun daina doguwar tafiya, idonta ya fara hazo, hanyar kuwa ƙaramar mota ba ta bin ta.

"Ina so in ga itatuwan nan tun ina bambance ganye da reshe," in ji ta.

Mai Kyamis ya kira Bakanike. Bakanike ya kori kaji, ya ɗaga bonet, ya yi tsaki, ya ce injin da ransa amma gaskit, shimfiɗar da ke hana shi yoyo, ya mutu, kuma ba zai je kasuwa sayen kaya ba sai ya san samfurin motar da shekararta. Ya nuna wani ɗan allon ƙarfe kamar tafin hannu a bangon da ya raba injin da mazaunin direba. An shafe shi da fenti hawa-hawa, sai ɗan tudun haruffa ake iya ji da yatsa.

"Komai yana nan," in ji shi. "Ku samo min abin da ke rubuce, in dawo."

Kafin azahar labari ya kai kunnen Ƙwararre ta bakin matarsa Auta, ƙanwar Mai Kyamis. Ya iso da farar riga, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi.

"Yaya, ka kwantar da hankalinka," ya ce wa Mai Kyamis. "An zo gidan lamba."

Auta ta ce a hankali, "Baban yara, ko a sa ɗan kananzir a jiƙa fentin ya yi laushi?"

"Kananzir na masu fitila ne. Miƙo min samfefa."

Ya shiga gurza. Koren fenti ya tafi, shuɗi ya fito. Shuɗi ya tafi, wani ruwan ƙasa ya fito. Ƙwararre ya ƙara ƙarfi, yana gurza yana ba maƙwabtan da suka fara taruwa labarin yadda ya taɓa gane motar sata da ganin lamba ɗaya tak. Labarin ya yi daɗi, hannun bai tsaya ba. Da ya hure ƙura ya sauke tabarau na biyu, sai ga allon yana ƙyalli fes kamar bayan cokali. Babu fenti, babu harafi, babu lamba.

Tela ya leƙa ya ce, "Na ga wani abu."

"Me ka gani?"

"Fuskata."

Mai Kyamis ya dafe kai. Ƙwararre ya naɗe samfefar ya sa a aljihu cikin natsuwa.

"Wannan allon na bogi ne," in ji shi. "Masana'anta kan sa shi don ɓatar da ɓarayi. Lambar gaskiya tana jikin shasi, a ƙasa."

A nan ya faɗi rabin gaskiya, domin akan buga lamba a ƙarfen shasi, wato ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine, ya ja jiki zuwa ƙarƙashin motar, tumbin na gogar ƙarfe. Wurin da lambar take, marigayi ya daɗe da sa an yi masa walda, an liƙe shi da wani ƙarfe. Ƙwararre bai san haka ba. Ya lalubo wani ƙaton noti ya ce a miƙo masa sifana.

"Ga murfin da suka ɓoye ta da shi," muryarsa ta fito daga ƙasa.

Noti ne na juye baƙin mai. Man da ya yi shekara da shekaru yana jiran wanda zai buɗe masa ƙofa ya sauko gaba ɗaya. Da aka jawo Ƙwararre ta ƙafa, idanunsa kaɗai suka rage fari.

Iya, da ke zaune a kujera a bakin rumfa, ta karkata kai ta ce wa 'yarta, "Auta, wane ne wannan baƙon?"

"Mijina ne, Iya."

"To a ba shi sabulu."

Da wani ne, da ya koma gida ya rufe ƙofa. Ƙwararre ya yi wanka, ya ari rigar Mai Kyamis wadda ta ƙi rufe masa ciki, ya dawo ya shiga binciken cikin motar. Ya ɗaga tsohuwar tabarmar roba da ke ƙasan kujerar mai zaman banza. A nan, a jikin wani faffaɗan ƙarfe da aka kafe da ƙusoshi, ga wani ɗan allo tsaf, haruffansa raɗau.

"Yaya, zo ka ga abin da ubanka ya bar maka."

Aka yi cincirindo. Ƙwararre ya sa sukundireba ya ɗan ɓamɓare gefen ƙarfen don haske ya samu allon da kyau, ƙusoshi biyu suka yi tsalle. Ya gyara murya.

"A sama ga doguwar lamba, ta samfuri ce, da ita za a sayo kaya. Amma ku dubi ƙasa. Ɗari biyu da ashirin, sannan V. Wannan gudunta ke nan."

"V ɗin fa?" in ji Tela.

"Yadda iska ke tsagewa biyu a gabanta. Na gaba, hamsin, sannan H da ƙaramin z. H doki ne da harshensu. Ƙarfin dawaki hamsin."

"Ƙaramin z ɗin fa?"

"Zarata. Zaratan dawaki, ba na haya ba."

Wata maƙwabciya ta ce ikon Allah. Ƙwararre ya ɗaga yatsa, sannan ya sauke murya.

"Na ƙarshe shi ne maganar. R, goma sha biyu. Ruwa, ƙafa goma sha biyu. Motar nan an yi ta ne don ta shiga kogi ta fito. A duniya irinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba."

Tela ya sosa gemu. "Su masu ƙera ta a can ƙasarsu, da harshenmu suke rubutu?"

"Ruwa ai ko'ina ruwa ne."

Mai Kyamis mutum ne mai auna komai kafin ya bayar, amma ɗa ne, kuma an ce masa ubansa ya bar abin da babu irinsa. Ya ce, "Baba bai taɓa faɗa mana ba."

"Masu irin wannan ba sa faɗa."

Washegari Ƙwararre ya rubuta doguwar lambar a tafin hannu ya tafi layin masu kayan mota. Shago na farko aka ce ba a san ta ba. Na biyu haka. Kowane ƙi yana ƙara masa girman kai, don yana tabbatar masa motar ba ta gama-gari ba ce. A ƙarshe wani dattijo ya duba tafin ya ce, "Gwada shagon ƙarshen layi."

Shagon ƙarshen layi cike yake da fankoki da dutsen guga da tukwanen lantarki, amma Ƙwararre bai dubi ko ɗaya ba, tafinsa kawai ya miƙa. Mai shagon ya duba ya gyaɗa kai.

"Tsohuwa ce wannan. Har yanzu akwai mai irinta?"

"Mu ne. Gaskit nake so."

"Roba ke nan. Ta daɗe ba ta aiki?"

"Shekara da shekaru tana ajiye. Kaji ne a ciki."

"Ai lalle an yi asara. Sun ruɓe?"

"Wane irin ruɓewa? Har ƙwai suke yi."

Mai shagon ya dube shi. "A ciki?"

"A ciki. Da an gyara ta kuma surukata za mu fara sakawa."

Mai shagon ya ja da baya kaɗan. Ya ɗauko wata doguwar farar roba mai kusurwa huɗu, ya ajiye a kan kanta, ya tura ta da bakin biro, bai ƙara tambaya ba.

Da Bakanike ya ga robar sai ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya rataya ta a wuya.

"Wannan a ina zan sa ta? Ko injin jirgin ƙasa bai kai ta faɗi ba."

Ƙwararre ya karɓe ta, ya ɗaga ta kusa da ƙofar direba, fuskarsa ta washe.

"Kun gani? Robar hana ruwa shiga ce. Lambar da kanta ta kai ni wurinta. Wanda ke da sauran shakka ya yi magana."

Bakanike ya ce shi ba ruwansa, ya ciro mataccen gaskit ɗin, ya ɗora a kan sabon kwali na musamman, ya yanko irinsa, yana mita cewa da an bar shi da tun jiya ya yi haka. Ya zuba sabon mai, ya wanke kafireto, ya canza falogi, ya aro batir. Jif ta yi tari, ta yi atishawa, ta fesa wa shanyar maƙwabta baƙin hayaƙi, sannan ta tashi da ruri. Iya ta rufe ido tana saurare.

"Muryarta ce," in ji ta.

Ƙwararre ya liƙa robar a ƙofar direba da gam. Ƙofar ta ƙi rufuwa. Ya ce haka ake so, ya tanadi igiya.

Rafin da ke tsakanin gari da lambun yana da mashigi inda amalanke ke wucewa, ruwan iya gwiwa. Nan Mai Kyamis ya so a bi. Ƙwararre ya ce cin mutunci ne a kai irin wannan mota ruwan da akuya ke tsallakewa. Ya zaɓi gurbin da ke ƙasa da mashigin, inda ruwa ya yi kore ya yi shiru. Ya kuma bi gari yana gayyatar duk mai tsohuwar mota ya zo ya ga aiki.

Ranar da aka sa, bakin rafi ya cika. Ga masu tsofaffin akori-kura, ga wani mai tarakta da tirelarsa, ga masu wanki sun bar wanki. Ƙwararre ya kafa allon tallarsa a kan tudu inda kowa zai gani. Bakanike ya tuƙo jif ɗin har bakin ruwa, ya ja birkin hannu, ya sauko.

"Iyakata ke nan. Ina da iyali."

Mai Kyamis ya ce Iya ba za ta shiga ba sai an gwada. Aka ajiye mata kujera a inuwa, Auta na riƙe da lema.

"Baban yara," in ji Auta, "yaushe rabonka da tuƙi?"

"Na ga ana tuƙi fiye da duk wanda ke wurin nan."

Ya shiga, ya ɗaure ƙofa da igiya ƙulli uku, ya ɗaga wa jama'a hannu. Jif ɗin tana da sandunan giya har uku a ƙasa. Ya dube su kamar ya san su, ya ja wadda ta fi kusa, ya saki kulochi. Motar ta zabura da baya, ta hau tudu, ta bi ta kan allon talla. Aka ji ƙarar katako.

"An buɗe ofis," in ji Tela.

Ƙwararre ya leƙo ya ce yana ɗaukar zango ne. Ya ja wata sandar. Wannan karon jif ta gangaro da gaske, ta faɗa ruwa, ta watsa shi gefe biyu, kuma don a faɗi gaskiya, ta yi kyau. Tayoyi suka nutse tana tafiya. Ruwa ya kai fitilu tana tafiya. Wasu suka fara tafi. Mai Kyamis ya kama hannun Bakanike bai sani ba.

A tsakiyar gurbin injin ya sha ruwa, ya yi tari ɗaya, ya yi shiru.

Ƙofar direba, mai roba, ba ta bar ɗigo ya shiga ba. Ruwan ta ƙasa ya zo. Faffaɗan ƙarfen nan da Ƙwararre ya ɓamɓare wa ƙusoshi ya ɗago kamar an buɗe rijiya, rafi ya shigo ya zauna a kujerar mai zaman banza, sannan ya matso ta direba. Ƙwararre ya kama igiya, ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwancewa. Ya hau kan kujera, ya tura kai ta tsohon tamfol, tamfol ya yage, ya fito rabi, ya yi ta mutsu-mutsu har ya samu ya zauna a kan ƙarfen rufin, ƙafafu a ruwa, hula ta yi gaba.

"Kowa ya tsaya inda yake," ya ce da ƙarfi. "Tana auna zurfin ne."

Ana cikin haka sai ƙarfen ya fito ta bayan motar yana iyo. Ashe cikinsa soso ne. Ya juya a ruwa, laka ta wanke, sai ga shi fari, da ɗan hannun buɗewa da aka ɗaure da jar waya. Ruwa ya kawo shi a hankali har gaɓa, kusa da kujerar Iya.

Iya ta ƙanƙance ido. "Ku miƙo min wancan."

Mai Kyamis ya ɗauko ya ɗora mata a cinya. Ta shafa hannun, ta shafa jar wayar.

"Murfin firizata ne."

"Wace firiza, Iya?" in ji Auta.

"Kina goye. Ƙanƙara nake sayarwa a lokacin. Ta lalace, babanku ya ɗauka ya ce zai kai gyara. Ya dawo ya ce min mai gyaran ya tashi daga gari da ita." Ta juya murfin, ta ga ramukan ƙusa a gefe. "Ashe ƙasan motarsa ne ya huje. Ni kuwa shekara da shekaru ina yi wa bawan Allah Allah-ya-isa, babanku yana zaune a gefena yana cewa amin."

Sai dariya ta kama ta. Ta yi dariya har lema ta karkace, har hawaye ya zubo, tana share shi da gefen mayafi tana cewa Allah ya jiƙan mutumin nan, ya iya ƙarya da fuskar salihai. Jama'a suka ɗauka. Maganar ta bi gaɓa baki-baki har ta kai masu wanki.

Tela ya leƙa ɗan allon, ya kai hannu baki ya yi kira. "Ƙwararre, ɗari biyu da ashirin ɗin nan, ashe sai an jona ta a bango take gudu."

"Ba na jin ka, ruwa na ƙara."

"Na ce zaratan dawakin nan hamsin, ko ɗaya bai iya iyo ba?"

Mai Kyamis bai yi dariya ba tukuna. Ya dubi motar ubansa, ruwa har gilashi, ya dubi Bakanike.

"Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba. A jawo ta, in zazzage ta, ta sha rana. Irin waɗannan ba sa mutuwa da wuri. Sai dai ka hana surukinka zuwa gaishe ta."

Mai tarakta ya ce yana da sarƙa, ya fara juyo da kan taraktarsa. Iya ta ɗaga hannu.

"Ɗana, taraktar nan tana bin mashigi?"

"Kullum, Iya."

"To fara kai ni lambu. Rana na yi."

Mai Kyamis ya nuna tsakiyar rafi. "Iya, shi fa?"

"Motar ba inda za ta. Shi ma haka."

Aka ɗaga ta da kujerarta aka ɗora a tirela, murfin firiza a cinyarta, ta ƙi bari kowa ya karɓa. Mai Kyamis ya hau ya riƙe kujerar. Tarakta ta bi mashigi, ruwa bai ko kai rabin tayarta ba, ta haura hayi ta nufi inda kan itatuwan mangwaro ke leƙowa. Rabin jama'a suka bi ta a ƙafa, wando a naɗe.

Masu tsofaffin motocin da aka gayyata suka tsaya kaɗan. Ɗaya ya ce shi ma akwai wani allo a ƙasan motarsa, amma yanzu ya tuna matarsa ta daɗe tana neman murfin tukunyarta. Suka watse suna dariya.

Aka bar Ƙwararre a kan rufi, riga ta manne masa, gwiwoyi a haɗe. Auta ta naɗe lema ta matso bakin ruwa. Ta yi ƙoƙari ta daidaita fuskarta, ta kasa.

"Baban yara, yaya ruwan?"

Haƙoransa na haɗuwa. Ya dubi ruwan da ke kewaya cikin motar, ya tsoma yatsa, ya ciro, ya yi nazari.

"Sanyi kamar ƙanƙara," in ji shi. "Ki faɗa wa Iya, har yanzu firizarta tana aiki."